Ƙarfen Cikin Shafa'atu

Shafi na 23

Ina neman afuwar masu bibiya bisa jinkirin da aka samu. Na fi son in makara da in kawo muku abin da ban sake dubawa ba. Masu tambayata a akwatin saƙo wace likita ake nufi, ku yi haƙuri, labari ne ƙirƙirarre, ba da kowa nake ba.

*

"Ina ƙarfen?"

Alƙalin bai ɗaga murya ba, amma tambayar ta isa har ƙarshen baranda, inda mutanen da suka baro kasuwa suka yi cincirindo don kallon shari'ar mahaukaciya. Daga Maraɗi yake zuwa jefi-jefi, ya zauna a biron kumandan na Dakoro, wato ofishin mai mulkin yankin, ƙarƙashin sabuwar tutar ƙasa, ya saurari ƙararraki, ya koma. Matashi ne, Hausarsa kuma ta wanda ya koye ta da girma ce, saboda haka yakan auna kowace kalma kafin ya sake ta.

Shafa'atu tana durƙushe a bakin tabarma, ita kaɗai a ɓangarenta. Ta riga ta faɗa masa komai. Ta faɗi yadda haihuwarta ta biyu ta zo da gardama, aka ɗauke ta a motar gyaɗa zuwa wata likita, wato asibiti, can kudu, aka tsaga cikinta, aka ciro ɗa namiji ba rai, aka ɗinke. Ta faɗi yadda ta dawo gida da wani abu mai tsini a ƙasan cibiyarta, wanda ke sukarta in ta sunkuya daka, ya hana ta kwanciya ta gefen hagu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana cewa akwai ƙarfe a cikinta. Aka yi mata hayaƙi, aka yi mata rubutu, aka kira masu garaya. Daga baya aka daina yi mata komai, aka ce taɓin hankali ne. Mijinta Jimrau ya sake ta, ya riƙe 'yarsu Bilki, wai ba a barin yarinya hannun mahaukaciya. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, ciki ya kumbura kamar tulu, sannan aka sake kai ta likitar, wani lokotoro daban, wato dokta, ya buɗe ta. Da ta farfaɗo, majo Samba, ma'aikacin jinya mai kula da ɗakin mata, ya danƙa mata wani abu naɗe a auduga, ya raɗa mata cewa da shi ake danne jijiyar jini lokacin aiki, mantawa aka yi da shi aka ɗinke, ta ɓoye shi da kyau.

"Yana gida, ranka ya daɗe," ta ce. "Gwaggona na ba ajiya."

"Kin gan shi da idonki?"

"Na gan shi. Kamar almakashi yake, amma ba ya yanka. Yana da zobba na sa yatsa, bakinsa kuma da 'yan haƙora."

Daga ɗaya ɓangaren, inda Jimrau ke zaune cikin 'yan'uwansa dillalan dabbobi, aka ji tsaki. Jimrau ne ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, ka ji ko? Bara ƙarhe ne, bana ya yi haƙora. Baɗi sai mu ji ya yi ƙahwa ya tahi kiwo."

Baranda ta ɗauki dariya. Gardi ya buga sandarsa a ƙasa, aka yi tsit.

Alƙali ya juyo gare ta, ya ajiye hannuwansa a kan tebur.

"Ki saurare ni da kyau, baiwar Allah. Dokar ƙasar nan ba ta ce wanda aka cuta a likita ya koma gida ya yi shiru ba. Idan an yi miki aiki aka bar kayan aiki a jikinki, sakaci ne, kina da haƙƙin kai ƙara, kina da haƙƙin a biya ki diyyar abin da kika rasa. Ko lokotoro ne, ko wanda ya fi lokotoro."

Ba ta taɓa jin wani ya jera mata magana irin wannan ba. Ta ɗago kai kaɗan.

"Amma na aika an tambayi likitar," ya ci gaba. "Sun ce ƙurji suka tarar, suka matse shi. Majo Samba kuma an ɗauke shi daga can, an tura shi gabas mai nisa, ba ni da hanyar kiransa yanzu. Abin da ya rage shi ne ƙarfen. Irin waɗannan kayan suna da tambari a jikinsu. In na ga tambarin, zan tafi da ƙararki Maraɗi da hannuna."

"Ni ba diyya ta kawo ni ba, ranka ya daɗe. Yarinyar."

Ba ta faɗi sunan ba. Bilki 'yar fari ce, bakin uwa ba ya kama sunan ɗan fari, ko a gaban hukuma.

"Na sani," in ji alƙali. "Amma ƙofar ɗaya ce. In ƙarfen ya tabbata, maganar hauka ta faɗi. In ta faɗi, yarinya ƙarama irin wannan wajen uwarta take zama. Ga malam nan kusa da ni, ya tabbatar mini." Ya waiwaya. "Kai Jimrau, ka taɓa ganin abin nan da take faɗi?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Ko jin wanda ya gani?"

"Ko ɗaya."

Ya faɗe shi yana kallon ƙafar tebur.

"To. Gobe da hantsi motata za ta tashi. Ruwa ya fara sauka a kudu, in hanya ta lalace ba ni dawowa sai kaka. Ki kawo shi kafin nan."

Shafa'atu ta miƙe, ta dafa mara kamar yadda ta saba, duk da cewa abin da ke sukarta ya fita. Babu wanda ya tashi tare da ita. Ta ratsa ta gefen kasuwa, ta bayan masu sayar da cuku da gishirin Bilma. Mata da ta yi daka da su, ta sha furar sunansu, suna janye 'ya'yansu daga kan hanya kafin ta iso, sannan su gaishe ta daga nesa da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa wanda ba a son tayar masa da abinsa.

*

Gwaggo Uwale tana gindin bishiyar bedi tana kaɗi. Yayar mahaifin Shafa'atu ce, kuma ungozomar unguwa. Ita kaɗai ta buɗe mata ƙofa lokacin da dangi suka noƙe. Ta ƙi zuwa biro, don a ganinta mace ba ta baje zancen mararta a gaban maza.

"Gwaggo, ba ni ajiyata."

"Sha ruwa tukuna. Kin ga leɓenki?"

"Ba ni jin ƙishi. Abin nan na cikin auduga, wanda na ba ki ran da muka dawo."

Mazari ya tsaya da juyawa.

"Mi za ki yi da shi?"

"Alƙali zai gani."

"Namiji? Gaban 'yan kasuwa?"

"Gwaggo, gobe da hantsi zai tahi. In ya gani, za a ba ni yarinyar."

Tsohuwar ta naɗe zaren a hankali, ta ajiye mazarin cikin tasa, ta kakkaɓe audugar da ta maƙale mata a zane. Sai da ta rasa abin da za ta ƙara gyarawa sannan ta yi magana.

"Ba ya nan."

"Kin ba wani?"

"Ni? In ba wani abin cikinki?"

"To ina yake?"

"Na binne shi."

Shafa'atu ta ja baya. Ta zauna a kan turmin da ke kife.

"Kin yi mi?"

"Abin da ya kwana cikin mace ya sha jininta, ba a aje shi a ƙwarya kamar barkono. Tun ban yi hurhura ba nike karɓar haihuwa garin nan. Duk abin da ya biyo ɗa daga ciki, wanke shi ake, a naɗe, a ruhe shi a ƙasa. Wanga ma ɗan ya biyo. Jinkiri dai ya yi."

"Ba mabiyiya ba ce, Gwaggo! Ƙarhen Nasara ne!"

"Ni ban san na Nasara ba. Daga cikinki ya hito."

"Na ce miki ki ɓoye."

"Akwai ɓuyan da ya hi wannan?" Gwaggo ta dube ta da ido mai cike da gaskiyarta. "Don ki warke na yi, ɗiyata. Ke ba ki lura ba? Tun da na ruhe shi ciwon bai dawo ba."

Shafa'atu ta kalli tsohuwar. Da maƙiyi ne ya yi mata wannan, da ta san yadda za ta yi kuka. Ta share fuska da gefen mayafi, ta tashi ta nufi bayan ɗaki.

"Nuna mini wurin."

"Ba nan ba."

Ta tsaya cak.

"Ke ma kin san hanya," in ji Gwaggo, muryarta ta yi ƙasa. "Mabiyiya gidan uban ɗa ake binne ta. Cikin Jimrau ne ya kawo shi, ba namu ba."

"Gidansa kika kai?"

"Bayan ɗakinki na da, dab da ta Bilki, ta hannun hagu. Uwarsa ce ta buɗe mini, ta riƙe mini buta. Ba ta tambaye ni mi ke cikin ƙyallen ba, ni ma ban hwaɗa ba. Na sa ƙaya bisa, saboda karnuka."

Can nesa ana jiyo hayaniyar kasuwa da kukan raƙuma. Shafa'atu ta tuna rantsuwar da Jimrau ya yi ranar da ya sa aka fito mata da kwallayenta, cewa muddin yana numfashi ƙafarta ba ta ƙara taka gidan.

"Tashi ki raka ni."

"Ba ni zuwa."

"Gwaggo, ki dubi Allah."

"Shi nike dubawa. Hannun da ya binne ba ya tonewa. Kuma ki ji ni da kyau, in kika motsa ƙasar da ta Bilki ke kwance, duk abin da ya sami yarinyar, ke kika ja."

"Ba ni taɓa tata."

"Ko ba ki taɓa ba. Wanda ya leƙo ya ga sakakkiya durƙushe bayan ɗakin mijin da ya sake ta tana tono, mi zai ce? In bai ce hauka ba, ya ce sammu. Da hannunki za ki ba su abin da suke nema."

Wannan kam gaskiya ce, Shafa'atu ta sani. Don ta nuna wa gari hankalinta ɗaya, sai ta aikata abin da mai hankali ba ya yi.

Ta shiga ɗaki, ta ɗauko 'yar fartanyar da suke gyaran gindin kuɓewa da ita, ta soke ta cikin zane.

"Shafa'atu."

Ba ta juyo ba.

"In kin samu, kada ki taɓa shi da hannun dama."

*

Gidan Jimrau yana can ƙarshen gari ta arewa, inda darnin kara ke ƙarewa yashi ya fara. Ta zaɓi lokacin da kyau. Ranar kasuwa shi yana kara, wato kasuwar dabbobi, har la'asar sakaliya, uwarsa kuma tana rumfar daddawa. Ta zagaya ta baya, ta wata kafa a jikin darni inda a da take watsa ruwan wanke-wanke. Kafar na nan, ba wanda ya toshe ta.

Ɗakinta ma yana nan. An cika shi da harawa har baki, an ɗaure tunkiya a inda take ajiye randa. Tunkiyar ta dube ta, ta ci gaba da tuƙa.

A bayan ɗakin ta ga reshen aduwa busasshe, an danne shi da dutse. Ta durƙusa, ta yi bismilla, ta ɗaga dutsen, ta janye ƙayar gefe guda. Ta auna da tafin hannu inda ta san ta 'yarta take, ta matsa hagu sosai, ta fara sara a hankali. Da ramin ya ɗan yi zurfi ta ajiye fartanyar ta koma tono da yatsu, don kada ƙarfe ya kuskure ya taɓa inda bai kamata ba. Ɗinkin cikinta yana ja, gumi yana shiga mata ido.

Jikinta ne ya ba ta ana kallonta.

Yarinyar tana tsaye a gindin rumbu, rungume da 'yar ƙwarya. Ta yi tsawo. Wuyanta ya fito, kanta a tsefe, ya yi jajawur da ƙura.

Duk maganar da Shafa'atu ta daɗe tana tanadi saboda wannan rana ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ke."

"Kaka ta ce in na gan ki in gudu."

"To mi ya hana ki?"

"Ina son in gani ko kina cin ƙasa. An ce kina cin ƙasa."

"Ba ni ci. Duba bakina."

Bilki ta leƙo daga inda take, ba ta matso ba.

"Wa ke yi miki kitso?"

"Ba kowa. Kaka hannunta na ciwo."

"Kin san ni?"

"Ke ce ta gidan Gwaggo Uwale." Ta sosa ƙafa da ƙafa. "Da kina goya ni zuwa rijiya."

Shafa'atu ta mayar da fuskarta cikin ramin, don kada yarinyar ta ga abin da ke zuba. Ta ci gaba da yaye ƙasa. Can yatsanta ya taɓo ƙyalle. Ta share gefensa, ta jawo shi da hannun hagu ba tare da ta yi niyya ba.

Tun kafin ta kwance ta san akwai matsala. Ba shi da nauyi. Ƙullin kuma ba irin na Gwaggo ba ne, irin wanda ake yi wa igiyar akuya ne, mai zarge. Ta ja bakin, ya warware. Auduga ce kawai a ciki, ta yi baƙi-baƙi, da shatin abin da ya taɓa kwanciya a kanta.

Ta zazzage ƙyallen. Ta sake zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Ba komai.

"Abin Baba kike nema?"

Shafa'atu ta juyo a hankali.

"Wane abu?"

"Mai baki kamar na zalɓe. Nan ya ciro shi, ina kallo."

"Ina ya kai shi?"

"Yana aljihunsa. Da shi yake cire mini ƙaya." Yarinyar ta ɗan saki jiki, ta ɗaga tafin ƙafarta tana nunawa. "Ya hi allurar Kaka. In ya kama ba ya saki, kuma ba zahi."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin Salla. Ya ce kada in hwaɗa wa Kaka."

Shafa'atu ta zauna daɓas a kan ƙasar da ta tara. Tun kafin Salla. Ashe duk watannin nan da take bin bango tana jin yara suna yi mata waƙa, akwai mutum ɗaya a garin nan da ya san ba ƙarya take yi ba, yana yawo da gaskiyarta a aljihu cikin goro da igiya. Da safen nan ma, da ya ce ƙarfen zai yi ƙafa ya tafi kiwo, yana jin nauyinsa a cinyarsa.

"Na san nan za ki zo."

Jimrau ne, tsaye a kusurwar ɗakin, da igiya naɗe a hannu. Ya baro kara tun kasuwa ba ta watse ba. Ya dubi ramin, ya dubi ƙyallen, ya dubi 'yarsa.

"Ke, shiga ɗaki."

Bilki ta ja da baya zuwa gindin rumbu, ta laɓe, rabin fuskarta a waje.

"Ka gan shi," in ji Shafa'atu.

"Hita mini daga gida."

"Ka gan shi, ka riƙe shi da hannunka, ka tsaya gaban alƙali ka ce ko ɗaya."

"Rage murya."

"Na rage. Tun yaushe nike ragewa?"

Ya waiga wajen darni, sannan ya matso, ya tsuguna nesa da ita kaɗan. Ta ga ya rame. Wuyan rigarsa ya yage, an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinkin namiji.

"Na ɗauka sammu tsohuwar ta kawo," ya ce. "Da gari ya waye na tone don in ƙone."

"Da ka buɗe hwa?"

Ya daɗe yana murza igiyar.

"Da na buɗe, nan inda kike na zauna har rana ta hwaɗi."

"Amma ba ka zo ba."

"In zo in ce mi? In tsaya tsakar kasuwa in ce ni Jimrau na kori mace da ƙarhe cikinta? Na sa an danne ta an tura mata hayaƙi tana ihu? Ni da ake kawo wa dabba in shafa cikinta in hwaɗi abin da ke damunta?"

"Ni ba dabba ba ce, da bakina na hwaɗa maka."

"Na sani."

"Kowace sahiya na hwaɗa maka."

"Na ce na sani!" Ya kama bakinsa, ya sake waigawa. Da ya ci gaba, da ƙyar take jin sa. "Ɗan ya tahi, ko huskarsa ban gani ba. Ke kin tahi. In alƙali ya ba ki wannan, wa ya rage mini a gidan nan? Tsohuwa da tunkiya?"

"Ban tahi ba, Malam. Kora ta ka yi."



Shafa'atu ta dube shi. Ta so ta ji ƙiyayya, irin wadda za ta ba ta ƙarfin shaƙe shi, amma abin da ta gani mutum ne wanda shi ma ba shi da wanda zai faɗa wa. Ta goge hannuwanta a zane.

"Ji nan. Ba ni neman ka ce komi gaban kowa. Aje shi cikin ramin nan, ka juya ka koma kara. In ce nan na tone shi, inda Gwaggo ta sa. Ba wanda zai san ka taɓa gani."

"Yarinyar hwa?"

"Gidan Gwaggo ba Makka ba ne. Ka zo da sahe, ka zo da marece. Ni ba ni ce mata ta gudu in ta gan ka."

Ya sunkuyar da kai. Ta ga hannunsa ya saki igiyar, ya tafi a hankali zuwa aljihun gefen rigarsa. Yatsunsa suka shiga. 

"La'ilaha illallahu! Jama'a! Ga ta nan tana tono!"

Kan wata maƙwabciya ne ya ɓullo ta saman darni, da tallan da ta dawo da shi daga kasuwa.

"Bayan ɗaki! Wajen cibiyar yarinya! Ku zo!"

Hannun Jimrau ya tsaya a inda yake. Shafa'atu tana kallo fuskarsa ta rufe kamar an ja ƙyaure.

"Malam," ta ce da sauri, "har yanzu da lokaci. Sake shi kawai."

Ya miƙe tsaye.

Mutane suka fara shigowa, wasu ta zaure, wasu ta kafar darni. Masu dawowa daga kasuwa ne, da jakuna da buhuna, lokacin ya yi musu daidai. Mata suka tsaya baya suna tafa hannu. Mai unguwa Cindo ya ratso da sandarsa, yana haki, ya tsaya bisa ramin.

"Subhanallahi. Shafa'atu, mi kike binnewa?"

"Ba binnewa nike ba, Baba. Ajiyata nike nema."

"Ajiya, a gidan da ba naki ba?"

"Ku tambaye shi."

Ido ya koma kan Jimrau. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya irin ta cikin kara, wadda ake ji daga ƙarshen kasuwa.

"Kun dai gani da idonku. Ni ban taɓa ta ba. Gobe sai ku hwaɗa wa alƙali yadda kuka same ta."

"Dubi hannunta, har gwiwa!"

"Abin ya motsa, dama ranar kasuwa ya hi tashi."

"A riƙe ta kada ta yi kan yarinya."

Wani ƙato daga cikin dillalai ya sunkuya ya ɗauki igiyar da Jimrau ya yar. Shafa'atu ba ta gudu ba, ba ta yi ihu ba, don ta san duk abin da ta yi yanzu sunansa hauka. Ta zauna da ƙyallen a cinyarta tana kallon igiyar na matsowa. A cikin duk taron nan ba fuskar da ba ta sani ba, kuma ba ko ɗaya da ta dube ta a ido.

"Kada ku ɗaure ta! Ba ta cin ƙasa!"

Bilki ce ta yar da ƙwaryar, ta fito a guje daga gindin rumbu, ta ratsa tsakanin ƙafafun manya. Ba ta ga reshen aduwar da uwarta ta janye gefe ba. Da dukkan nauyinta ta taka shi.

Ƙarar da ta yi ta sa har mai igiyar ya ja baya.

Shafa'atu ta cafe ta kafin ta kai ƙasa, ta ɗora ta a cinya, ta juya ƙafar. Doguwar ƙaya ce, ta shige dunduniya ta karye a ciki, sai ɗan baƙin kanta ake gani cikin jini. Ta kai farce, farcen duk ƙasa, ya zame. Ta sake kaiwa, ƙayar ta ƙara nutsewa.

"A kawo allura!" in ji wata.

"Ba allura ba! Ba ni son allura!" Yarinyar tana shure-shure, tana miƙa hannu ta kan kafaɗar uwarta. "Baba! Baba, ciro ƙarhen nan na aljihunka! Wanda ka tono a nan!"

Tafin da mata ke yi ya tsaya.

Mai unguwa Cindo ya juya gaba ɗaya, ya dogara sandarsa.

"Wane ƙarhe, Jimrau?"

Jimrau bai dube shi ba. 'Yarsa yake kallo, da jinin da ke bin dunduniyarta yana ɗiga kan zanen uwarta.

"Baba, yi sauri, tana shiga!"

Hannunsa na cikin aljihu.